Ƙurar da Mira Ta Bari a Baya

Idan hunturu ya kama, a daren da hazo ya ɗan yi sauƙi, ka fita bayan sallar isha'i ka nemi Kaza da 'Ya'yanta. Daga nan ka sauke ido kudu maso yamma, inda taurari suka yi ƙaranci, cikin rukunin da masana ke kira Setus, wato dodon teku. A can akwai wata tauraruwa ja-ja mai suna Mira. Daga Kano ko Damagaram ko Sakkwato tana bi ta can sama sosai, ba gini ko bishiyar da za ta tare maka ita. Sai dai ganinta sa'a ne. Wani lokaci ka same ta tana haske kamar sauran, wani lokacin kuma ka duba har wuyanka ya ƙage, ba komai a gurbinta sai duhu.

Wanda ya fara rubuta labarinta wani limamin coci ne a arewacin Jamus, David Fabricius, mutum mai son kallon sama har yana musayar wasiƙu da manyan masana taurari na zamaninsa, Tycho Brahe da Kepler. A watan Agustan 1596 ya ga tauraruwa a inda bai san da ita ba. Zuwa Oktoba ta ɓace. Ya ɗauka irin baƙin taurarin nan ne da kan bayyana sau ɗaya su tafi ke nan, sai ga ta a 1609 ta dawo gurbinta na dā. Bai yi tsawon ran da zai ji fassarar abin ba. A watan Mayun 1617, bayan ya zargi wani manomi da satar dinya a cikin huɗubarsa, mutumin ya tare shi ya buga masa shebur a ka. Nan kwanansa ya ƙare, yana da shekara 53. Ɗansa Johannes, wanda ya wallafa bayani kan tabon da ke jikin rana tun 1611, ya riga shi tafiya yana wajen shekara 30.

Sai a 1638 wani saurayi ɗan ƙasar Holan, Holwarda, ya gano cewa tafiyarta da komowarta suna da lissafi, kusan wata 11 ne tsakanin haske da haske. Shi ma bai cika shekara 33 a duniya ba. A 1662 wani masanin taurari, Hevelius, ya raɗa mata suna Mira, ma'ana abar mamaki da harshen Latin.

Kwana 332 ne zagayenta, ƙasa da shekarar wata da muke lissafin azumi da ita, mai kwana 354. Saboda haka hasken Mira yakan matso gaba da kusan wata guda kowace shekara, kamar yadda Ramadan ke matsowa da kwana 10 ko 11. Ina ganin abin da ya fara jan hankalin mutane gare ta ke nan: ta tafi ta dawo. Zuciyar ɗan Adam tana samun natsuwa da duk abin da ke komowa. Damina ta komo, kaka ta komo, Sallah ta komo, mu ce mun ga bana lafiya, Allah Ya nuna mana ta baɗi. Muna faɗin haka kamar mu ɗin bara ne muka tarbi bana, ba abin da ya ragu a jikinmu.

Mira ba ta taɓa komowa cikakkiya ba, kuma wannan ne abin da nake so mu tsaya a kansa.

Tsohuwar tauraruwa ce. A dā kamar ranarmu take, nauyinsu ma bai yi nisa da juna ba, amma makamashin da ke cikinta ya kusa ƙarewa, sai ta kumbura ta yi ja, ta ninka faɗin rana sau 300 da wani abu. Da za a ajiye ta a gurbin rana, da ta haɗiye duniyarmu da hanyar da take zagayawa gaba ɗaya. Jikin nan mai girma ba ya zama wuri ɗaya, yana buɗewa yana tsukewa kamar ƙirjin mai barci. In ta buɗe sai samanta ya huce, wasu sinadarai, cikinsu har da haɗin titaniyam da oksijin, su taru su yi mata lulluɓi, hasken da ido ke gani ya ragu ninki ɗaruruwa. Wutar tana nan a ciki, mayafi ne ya rufe ta. In ta sake ɗaukar zafi mayafin ya watse, mu ce ta dawo.

To amma kowane bugu ɗaya na wannan numfashi yana aika wata tunkuɗa mai ƙarfi daga ciki zuwa waje. Tunkuɗar tana ɗaga iskar da ke saman tauraruwar ta kai ta can nesa inda akwai sanyi, a nan wani ɓangarenta ya daskare ya zama ƙura, hasken tauraruwar kuma ya ingiza ƙurar ta tafi, ta ja sauran iskar da ita. Abin da ya tafi ba ya dawowa. Masana sun ƙiyasta cewa duk shekara 10 Mira tana zubar da abin da ya kai nauyin duniyarmu. Ka lura da kyau: bugun da ke maido mata da haske shi ne dai bugun da ke zaizaye ta. Ba ta da wata hanyar haskawa da ba ta rage ta.

Ba ita kaɗai ba ce a wurin. Tana da abokiyar zama, wata ƙaramar tauraruwa fara mai tsananin zafi, wadda aka fara gani da madubin hangen nesa a 1923. Akasarin masana suna ganin irin wadda suke kira farar wada ce, wato ƙwayar da ta rage bayan tauraruwa ta gama zubar da jikinta. Suna kewaya juna, zagaye ɗaya wajen shekara 500. Ƙaramar tana janyo wani abu daga abin da babbar ke zubarwa, kuma a 2005 na'urar Chandra da ke sararin samaniya ta nuna wani abu kamar gada tsakaninsu. In haka ne, Mira tana zaune da gobenta a gefenta, domin abin da abokiyar ta zama shi za ta zama.

Shekara 411 mutane suka yi suna kallon wannan tauraruwa, tun daga Fabricius, suna rubuta ranar da ta yi haske da ranar da ta dushe. Ta tafi ta dawo kusan sau 450 a gaban idonsu. Da wuya a sami tauraruwa mai sauyin haske da aka yi wa ƙwaƙwaf kamarta. Sai a watan Agustan 2007 masu aiki da wani tauraron ɗan Adam na hukumar NASA mai suna GALEX, ƙarƙashin Christopher Martin na jami'ar Caltech, suka ba da sanarwar abin da ba wanda ya taɓa zato. GALEX ba da irin haskenmu yake gani ba. Yana gani da altarabayolet, hasken da ke gaba da shuɗi, wanda idon mutum ba ya kamawa, iskar duniya kuma tana tare mafi yawansa kafin ya iso ƙasa. Da aka haɗa hotunan wannan yanki, sai ga jela a bayan Mira, doguwa, siririya, mai dishi-dishi, tsawonta tafiyar haske ta shekara 13. Ya ninka nisan da ke tsakaninmu da tauraruwa mafi kusa da rana sau uku. A sararin sama faɗin wurin da ta mamaye ya kai a jera farin wata huɗu gefe da gefe.

Dalilin jelar shi ne Mira ba a tsaye take ba. Gudu take, kilomita 130 cikin daƙiƙa ɗaya, wato tafiyar Kano zuwa Kaduna ba ta kai mata daƙiƙa biyu ba. Sararin da take ratsawa ba fanko ba ne, akwai wata iska siririya a ciki. Duk wanda ya taɓa shiga kwalekwale a Yawuri ya ga yadda ruwa ke tattaruwa a gaban hancin jirgi ya lanƙwashe kamar baka, sannan ya tsage ya koma baya ta gefe biyu. Haka abin yake a gaban Mira. Iskar da take fitarwa tana karo da iskar da ta tarar, wurin karon ya yi zafi ƙwarai ya lanƙwashe kamar baka, abin da ta zubar kuma ya kwashe ya koma baya. Zafin karon nan ne ke taɓa iskar haidurojin da ke cikin jelar har ta riƙa ƙyalli da wancan haske da ba ma gani. Ƙurar da ke can ƙarshen jelar ta bar jikin tauraruwar shekara 30,000 da suka wuce. In an tattara duka, ta isa a gina duniya irin tamu 3,000.

Ranar da na fara ganin hoton nan, mahaifina ne ya faɗo mini a rai, Allah Ya jiƙansa. Aiki ya raba ni da gida, sai Sallah nake zuwa. Duk zuwan da na yi nakan same shi a zaure, ya sha sabon kaftani, turare yana tashi, murya garau, yana tambayar jikoki ɗaya bayan ɗaya. In na ce, "Baba, yaya ƙarfin jiki?" sai ya ce, "Alhamdu lillahi, ga ni kana gani." Ni kuwa in koma da murna in ce wa iyalina tsoho yana nan yadda yake. Ban san cewa bayan mun tafi yakan kwana biyu bai fito ba. Bayan rasuwarsa, da aka buɗe akwatinsa za a raba kaya, muka tarar da kaftanonin Sallah a ninke, na shekarun baya a ƙasa, na baya-bayan nan a sama. Da ƙanwata ta shimfiɗa su a kan tabarma, sai muka ga kowane ɗaya ya fi wanda ya gabace shi ƙanƙanta a kafaɗa, wandunan ma haka a ƙugu. Telansa ya sani, domin shi yake riƙe da awo. Mahaifiyarmu ta sani. Ni da nake zuwa a ranar haske kaɗai, ni ne ban sani ba.

Ba laifin kowa ba ne, kuma ba ɓoyewa ya yi ba. Ganinmu ne yake tayar da shi, tashin kuma yana cin ƙarfinsa. Har yau in na tuna yadda yakan miƙe da kansa ya raka ni bakin mota, nakan tambayi kaina nawa wannan rakiyar ta ci masa.

Abin da ya fi tsorata ni shi ne, yadda na kalli mahaifina haka nake kallon kaina. Ba na auna kaina sai a ranakun haske: ranar da na tashi garau, ranar da aiki ya yi kyau, ranar da aka taru aka yi dariya. In ciwo ya kwantar da ni na warke, sai in ce na dawo, ban tambayi abin da ciwon ya tafi da shi ba. Kowane numfashi da ke riƙe da ni yana cikin adadin da aka ƙidaya mini, in ya fita ya fita. Mun sha jin wannan a wajen wa'azi har kunnenmu ya saba, sai ya zama kamar maganar wasu ake yi.

Ka ɗauki mutum mai shekara 70, wanda malamai suka sha tuna mana cewa galibinmu a nan wajen muke tsayawa. Tun daga ranar sunansa har ranar da za a kai shi makwanci, Mira za ta yi haske sau 77 kacal. A tsawon jelarta, rayuwarsa duka ba ta kai kashi ɗaya cikin 400 ba. Abokiyar zamanta ba za ta yi ko kashi ɗaya cikin bakwai na zagayenta ba. Hasken da zai shiga idonsa a daren nan ya yi tafiyar kimanin shekara 300, wato bisa wannan lissafi ya baro ta tun kafin a haifi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a 1754. Hatta GALEX da ya gano jelar, an harba shi a 2003, aka kashe shi a 2013.

Akwai wasu taurarin ma'aurata da zubarwarsu ba a hankali take ba. In su biyun sun matsu da juna, farar wada takan riƙa zuƙe iskar abokiyarta, iskar ta taru a bayanta har ta yi nauyi ta kama da wuta gaba ɗaya. Tauraruwar da ba a gani sai ta haskaka dare ɗaya, ta watsa wani ƙwanso na iska da zai yi ta faɗaɗa yana dushewa shekara ɗaruruwa. Ranar 11 ga Maris 1437, masu duba taurari na fadar Sarki Sejong a Koriya sun rubuta cewa sun ga baƙuwar tauraruwa a wutsiyar rukunin Kunama, ta yi kwana 14 ta ɓace. Wani masani, Michael Shara, ya yi kusan shekara 30 yana neman inda take. Sai a 2017 shi da abokan aikinsa suka tabbatar da ita, bayan sun gwada hotunan zamani da wani tsohon hoton gilashi da ma'aikatan jami'ar Harvard suka ɗauka a ƙasar Peru a 1923. Ƙwanson yana nan, dishi-dishi. Tauraruwar ma ta gusa daga tsakiyarsa, domin tafiya ba ta tsaya ba. Kwana 14 na haske, shekara 580 na saura. Waɗanda suka rubuta, da sarkin da suka rubuta wa, da wanda ya ɗauki hoton 1923, ba ɗayansu da ya ji ƙarshen labarin.

Amma labarin da ya fi zama mini a zuciya shi ne na Leslie Peltier, wani ɗan manomi daga Delfos a jihar Ohayo ta Amurka. Ba malamin jami'a ba ne, mai sha'awa ne kawai, amma a rayuwarsa ya auna hasken taurari masu sauyi fiye da sau 130,000, ya kuma gano taurari masu wutsiya 12. Akwai wata tauraruwa a rukunin Kambin Arewa, masana na ce mata T Coronae Borealis, ita ma ma'aurata ce, ja ƙatuwa da farar wada. Ta taɓa haskakawa a watan Mayun 1866, wani ɗan ƙasar Ayalan, John Birmingham, ya gan ta. Peltier ya yi imani za ta sake. Tun wajen 1920 ya ɗora mata ido, duk daren da sama ta yi garau kuma tana sama sai ya leƙa ta. Shekara 25 yana haka. A wani dare na Fabrairun 1946 ya saita agogo ya tashe shi ƙarfe biyu da rabi. Agogo ya kaɗa, ya leƙa taga ya ga taurari tar, amma ya ji mura na neman kama shi, ga sanyi, sai ya koma ya kwanta. A daren nan ta haskaka. Wasu ne suka gani.

Ba na karanta wannan a matsayin labarin sakaci. Mutumin da ya tashi dare dubbai ba malalaci ba ne, jiki ne ya nemi haƙƙinsa dare ɗaya. Abin da ke girgiza ni shi ne lissafin da ya biyo baya. Tauraruwar takan yi wajen shekara 80 tsakanin wuta da wuta. An haifi Peltier a 1900, yana da shekara 46 a lokacin, ya kuma san cewa ba zai ga ta gaba ba. Ya rasu a 1980. Masana da yawa sun sa ran za ta sake a 2024, mutane a ƙasashe da dama suka yi ta dako, shekarar ta wuce ba ta motsa ba. Cikin masu dakon akwai waɗanda suka riga ta tafiya.

Da yawa daga cikin abubuwan da muke cewa "wani jiƙon" irin wannan ne. Gaisuwar da ka ce sai Sallah mai zuwa, bashin da ka ce sai an yi albashi, ɗan'uwan da kuka shekara ba kwa magana kana jiran ya fara, tuban da ka ajiye sai ka ɗan manyanta. Ba wanda ya yi maka alkawarin cewa zagayen abin ya fi naka gajarta.

Ba na cikin masu matsa kowane binciken kimiyya sai ya zama tafsiri. Tauraruwa halitta ce, tana bin abin da aka ɗora ta a kai, ba ta da zaɓi, ba ta da hisabi. Ƙurar Mira ma ba asara ba ce, domin akwai kabon da oksijin a cikinta, irin abin da ake gina sababbin taurari da duniyoyi da shi, in Allah Ya so. Mu ne abin da muke zubarwa yake da tambaya a kansa. Mun yi imani cewa ba kalma ko taku ɗaya da ya faɗi a bayanmu ya ɓace, ko da mu mun manta, ko da ba idon da ya gani. Jelar Mira tana nan duk tsawon shekarun da ake cewa ba komai a bayanta, hasken da za a gan ta da shi ne bai zo ba tukuna. In na yi tunanin shekaruna a shimfiɗe haka, kamar kaftanonin nan a kan tabarma, akwai wuraren da nake fata a gani, akwai kuma waɗanda nake roƙon Allah Ya rufa.

A hunturun da ya wuce na fita da ƙaramar 'yata bayan gida, an ɗauke wuta, unguwa ta yi duhu, sama ta cika da taurari. Na nuna mata Kaza da 'Ya'yanta, ta ƙirga shida. Na kama hannunta na ja shi kudu maso yamma, na ce nan Mira take. Ta duba ta duba, ta ce, "Abba, ni ban ga komai ba." Na ce mata tana nan, lokacin lulluɓinta ne, za ta fito. Ta ce, "To in ta fito ka tashe ni ko ina barci." Na ce in Allah Ya kai mu. Ta koma ɗaki saboda sanyi, ni kuma na ɗan ƙara tsayuwa ina kallon gurbin.